Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

Duk wanda ya taɓa zama ma'ajin tafiyar jama'a ya san cewa kuɗin mutane sun fi dutse nauyi a aljihu. Ni an ɗora mini wannan kaya a watan Satumba na shekarar 2016, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, sa'ad da mu goma muka tashi daga Agege a Ikko za mu ɗaurin aure a Nguroje, can bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Abin da ya gudana tsakanina da direban da muka yi shatar motarsa shi ne na ke so in ba masu karatu labari, domin har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni, ko da ya ke mutumin ya daɗe da yafe mini.

Angon ɗan wan maƙwabcina ne, wani Alhaji dillalin shanu a mayankar Oko-Oba. Masu wannan sana'a sun san Mambila tun kafin su gan ta, gama shanun can suna cikin waɗanda a ke lodawa a manyan motoci a kawo Kudu. Yaron ya yi shekara uku yana hawa tsaunin sayen shanu, har ya ga yarinya a gidan wani Bafillatani mai masaukinsa, manya suka shiga maganar, aka sa rana, watau Asabar da ƙarfe goma na safe. Shi ango ya riga mu wucewa tun da mako guda, ya bar mana saƙo cewa idan mun isa Jalingo mu nemi motar mutanen Gembu, kada mu shiga wata. Na ji saƙon, na ɗauke shi maganar yara. Alhaji shi ne wakilin ango. Yayarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, ita ce shugabar matan ayari. Ni kuwa da ya ke malamin makaranta ne, sai aka ce ni na iya lissafi, aka danƙa mini kuɗin hanya da sadaki da ɗan littafin rubuta abin da aka kashe.

Mun bar Ikko ran Laraba da yamma a babbar motar fasinja, muka bi ta Makurɗi da Wukari, da niyyar mu kwana Jalingo ran Alhamis mu yi sammako. Allah bai nufa ba, mota ta lalace a hanya, ba mu sauka Jalingo ba sai Jumma'a da hantsi, kowa ƙafa ta kumbura, ga akwatunan lefe huɗu da huhun goro da katan-katan na alewa. Daga Jalingo zuwa kan tsauni kuwa tafiyar kusan wuni ce. Saboda haka aka bar mata da kaya a inuwa, ni da Alhaji muka shiga tasha neman shata, Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Ga wanda bai saba ba, shata ita ce ka ɗauki mota ɗungum da direbanta, ta kai ka inda ka ke so, ta jira ka, ta komo da kai. Lissafinta a tasha ba shi da wuya. A kan ɗauki kuɗin kujera ɗaya a ninka da yawan kujeru, zuwa da dawowa, sa'an nan a ɗora kuɗin kwanakin da mota za ta yi tana jira, tun da ya ke a kwanakin nan ta rasa layinta na lodi, kana a sa la'adar tasha. A lokacin litar fetur N145 ce a farashin gwamnati. Ni abin da jama'a suka ware mini don shata N120,000 ne, kuma a raina na ƙudurta zan rage wani abu in mayar musu, su san ba su yi zaɓen tumun dare ba.

'Yan kamasho suka kawo mana direbobi biyu. Na farko saurayi ne mai fara'a, motarsa fara ƙal, kujerunta ba a ma cire musu leda ba, ga na'urar sanyaya ciki. Ya ce N95,000, kwana uku, mai nasa. Na biyun dattijo ne gajere mai furfura a gemu, ya rataya rigar sanyi a kafaɗa cikin zafin nan na Jalingo, abin da ya ba ni dariya a zuci. Motarsa tsohuwar Toyota Hiace ce mai kujera 14, fenti ya koɗe, gilashi ɗaya ba ya sauka, amma na lura tayoyinta huɗu sababbi ne. Ya ce N130,000. Bayan doguwar tayawa ya sauko N120,000, ya ce daga nan ko sisi. Daɗin daɗawa ya kawo sharuɗɗa. Ya ce ba ya hawa tsauni da dare, ba ya kuma sauka da dare, saboda haka idan sai bayan Jumma'a za mu tashi, to, a Serti za mu kwana. Ya ce kuma kaya shi zai faɗi iyakarsu, zuwa da dawowa.

Ni dai na riga na yanke hukunci. Bambancin N25,000 ba wasa ba ne, ga sabuwar mota, ga direba ba sharaɗi. Ina shirin ciro kafin alƙalami ke nan sai Gwaggo ta dubi saurayin ta ce, “Ɗana, sau nawa ka hau dutsen nan da kanka?” Yaron, Allah Ya yi masa albarka, bai yi ƙarya ba. Ya ce, “Hajiya, sau biyu na je, amma lokacin ina yaron mota. Ai hanya hanya ce, har Ikko na sha zuwa.” Ta juya wajen dattijon ta yi masa wannan tambaya. Ya ce, “Hajiya, a Gembu aka haife ni, can iyalina su ke. Ban ƙirga ba.” Gwaggo ta gyara mayafi ta ce da Alhaji ita dai ga motar da za ta shiga, wanda ya ga dama ya shiga ɗayar. Alhaji bai taɓa musa wa yayarsa a gaban mutane ba, magana ta ƙare.

Muka shiga ofishin Ƙungiyar Direbobi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1978, kuma kusan kowace babbar tasha a ƙasar nan akwai reshenta. Sakatare ya rubuta yarjejeniya: kuɗi kaza, kwana uku, mai da gyara na direba, abincinsa da na yaronsa namu, an ba da rabi, ciko sai an dawo. Ya rubuta sharuɗɗan nan biyu, ya karanta da ƙarfi, ya kuma ɗauki sunayenmu duka da lambobin 'yan'uwanmu a takardar fasinja. Na sa hannu ina ɓata rai. Gaskiyar magana ita ce na ji sharaɗin kwana a Serti sarai, amma na ce a raina idan mun je can, kuɗi za su yi magana.

Bayan an sauko daga Jumma'a muka ci abinci, wajen ƙarfe uku muka kama hanya. Muka wuce Sunkani da Garba Chede, muka yi sallar magariba a Bali, bakin Kogin Taraba wanda jihar ta ci sunansa sa'ad da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991. Baba direba ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma gudu, sai dai na lura tun kafin ya kai ga rami ya kan sassauta, kamar mai tafiya a tsakar gidansa cikin duhu. Daga Bali hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ba mu shiga Serti ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Serti ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, a nan ne kuma ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti ya ke, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. Baba ya tsaya ƙofar wani gidan saukar baƙi, ya kashe mota, ya ce, “Alhamdu lillahi, a nan za mu kwana.”

A nan ne rigima ta tashi. Alhaji ya duba agogo ya ce saura tafiyar 'yan sa'o'i kawai, gara a ƙarasa a kwana can, a wayi gari cikin natsuwa, kada a ce wakilin ango ya makara ɗaurin auren ɗansa a gaban surukai. Ya ce a ƙara wa direba N10,000. Na je na same shi yana duba taya da tocila, na faɗa masa. Ya ce, “Malam, ko ka ninka kuɗin ba zan hau ba. An yi ruwa, akwai hazo a sama, wani lokaci kuma ƙasa ta kan zabtaro ta rufe rabin hanya, ba ka gani sai ka zo kanta.” Gajiya da tsoron kunya suka haɗu mini, na ɗaga murya a gaban yaronsa da mutanen da ke shan shayi a wurin, na ce mu muka biya shi, mota tamu ce har kwana uku, kuma da mun ɗauki saurayin nan da yanzu mun isa. Ya miƙe ya kashe tocilar ya ce, “Malam, motar kuka yi shata, gaskiya ne. Amma mutum goma aka rubuta mini a tasha, goma kuma zan mayar. Ga takarda nan a aljihunka, ka karanta.” Ban sami abin cewa ba, na juya na bar shi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna in na tuna. Mata suka buɗe guzuri, dambun nama da soyayyun kaji da burodi, muka zauna a barandar masauki muka ci muka ƙoshi, ba wanda ya ce a kira direba. Ni da hakkin abincinsa ke rubuce a wuyana, da gangan na yi shiru. Sai da Gwaggo ta idar da salla ta fito ta tambaya ko Malam direba ya ci, aka yi tsit. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki kwano ta zuba da hannunta, ta miƙo mini ta ce, “Malam, kai ne ma'aji, kai za ka kai.” Na tarar da shi da yaronsa a cikin mota suna cin gasasshiyar masara. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, kamar ba ni ne na gama yi masa tsawa ba.

Da asuba muka yi salla muka tashi. A Mayo Selbe, gindin tsauni, ya tsaya ya buɗe inji, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai da man birki, ya zagaya tayoyi yana bugawa, ya sa yaronsa ya ɗauko waigi ya riƙe a cinya kusa da ƙofa. Ya ce kowa ya fito da rigar sanyinsa, wanda kuma ya ji kunnensa ya toshe ya yi ta haɗiyar yawu. Sa'an nan ya sa rigar nan da na yi wa dariya, ya yi bisimilla, ya sa giya.

Jama'a, gani ya kori ji. Hanyar ta manne a jikin dutse tana nannaɗewa kamar maciji, hannu ɗaya bango, ɗaya hannun rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Kwana na bin kwana, wata ma sai ka ga kamar mota za ta komo inda ta fito. Kafin kowace kwana sai ya danna ham, ya saurara. Ba mu yi nisa ba gajimare ya sauko ya rufe mu, har ba na iya ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. A wani ɗan fili da ban ma san yana nan ba ya raɓe ya tsaya, yaro ya dira ya sa waigi. Alhaji ya ce lafiya? Ya ce akwai babbar mota tana saukowa, ya ji kukan injinta, kuma kwanar da ke gabanmu ba ta ɗaukar mota biyu. Mu ba mu ji kome ba. Sai bayan kamar minti biyar ga ta nan ta ɓullo daga cikin hazo, shaƙe da katako, tana tafiya kamar hawainiya, ta cinye hanyar duka. A wannan wuri muka zauna fiye da rabin sa'a har hazo ya ɗan yaye. A nan ne ya gaya mana cewa wani sashe na hawan ana kiransa Biyu da Sisi, kuma abin da ya ji daga manya shi ne, kafin a yi hanyar mota, sule biyu da sisi a ke biyan ɗan dako ya hau da kaya a ka. Da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973, wannan ya zama kwabo 25 ke nan. Ba wanda ya sake duba agogo a cikinmu. Gwaggo dai carbi ta ke ja.

Da muka ƙare hawa muka fito Maisamari, sai ka ce wata ƙasa aka kai mu. Tuddai ne kore shar iyakar ganinka, ba daji, sai ciyawa da layukan dogayen itatuwan turare waɗanda a ke yankawa a yi katako, ga garkunan shanu ko'ina, ga iska mai sanyi kamar tsakiyar hunturu a Katsina. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, kuma sanyin nan da rashin ƙudan tsando su suka sa ya zama aljannar makiyaya. A wannan yanki ne kuma dutsen Chappal Waddi ya ke, mai tsawon mita 2,419, wanda ba wanda ya kai shi a Nijeriya. Ba nisa da Nguroje akwai gonar shayi ta Kakara. Ƙasar a da tana cikin Kamaru ta Jamus, daga baya Ingila ta riƙe ta amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke Gembu ke amsawa har yanzu. Mambilawa da Kaka da Fulani da sauran ƙabilu ke zaune a can, kuma Fillanci ne harshen kasuwa fiye da Hausa.

Mun shiga Nguroje ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, watau mun makara da sa'a ɗaya da rabi. Alhaji ya sauko yana shirya kalmomin ban haƙuri, sai muka tarar da mutane zaune a kan tabarmi ana shan shayi, liman ma bai daɗe da isowa ba. Ashe tun daren jiya, bayan na gama yi masa tsawa, Baba ya buga waya ga wani mai kanti a garin ya ce a gaya wa gidan amarya baƙi sun kwana Serti, za su hau da safe. Uban amarya ya taso, ya fara gaisawa da direbanmu cikin Fillanci, suka daɗe suna tambayar iyali da shanu, kana ya juyo gare mu. Baba ne ya yi mana tafinta. Dattijon ya ce a wurinsu wanda ya taho daga ƙasa ba a ƙirga masa lokaci, kuma da mun hau cikin daren jiya da ransa ya ɓaci, don da bai san irin mutanen da zai ba 'yarsa ba. Na saci kallon Alhaji, shi ma ni ya ke kallo. Aka ɗaura aure, na ƙirga sadaki a gaban shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da aka kawo abinci, direban da muka bari da gasasshiyar masara shi aka zaunar kusa da mai gida. Shi Bamambile ne, su Fulani, amma ya fi shekara ashirin yana kai musu saƙo Jalingo yana komowa da shi.

Mai karatu zai zaci daga nan na yi hankali. Ina! Ran Lahadi da safe aka fito da amarya da gwaggonta da ƙawarta guda, muka zama goma sha uku, da yaron mota goma sha huɗu, kujeru sun cika. Sa'an nan aka fara fito da kaya: gado da katifa, da kwalla da tukwane, da buhunan masara biyu, da buhun dankali, da jarkokin man shanu da zuma. Samarin gidan suka kawo igiya za su ɗaure a bisa mota. Baba ya ce akwatunan tufafi da man shanu kaɗai za su shiga, sauran akwai motar katako da za ta sauka Jalingo a ranar, ya yi magana da direbanta zai ɗora su a kan N15,000. Na buɗe littafina na ga kuɗin jama'a sun kusa ƙarewa, ga kuɗin motar Ikko na mutum goma sha uku yana jirana. Sai na ja shi gefe na ce, “Baba, gaya mini gaskiya, nawa ne la'adarka a ciki?” Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Malam, kada ka ba ni ko kwabo. Idan kaya sun iso Jalingo ka ƙirga, ka biya mai motar hannu da hannu.” Bai ƙara cewa kome ba, ya je ya buɗe wa amarya ƙofa.

Sauka ta fi hawa ban tsoro, domin yanzu ramin yana gabanka kana kallonsa. Na zauna a gaba, na ga yadda ya ke yi. Tun daga sama ya sa mota a giya ta biyu, wani wuri ta ɗaya, inji yana ta kuka yana riƙe ta, birki kuwa sai ya ɗan taɓa ya saki. Da muka sauko Mayo Selbe ya tsaya ya ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Ya kira ni ya ce in kawo tafin hannuna kusa da ƙafar gaba, amma kada in taɓa. Zafin da ya bugo ni kamar na bakin tanderu. Ya ce, “Ka ji wannan, alhali da inji na sauko, kuma ba kaya. Idan mota ta yi nauyi tilas ka kwanta a kan birki, in ya yi zafi ƙwarai man birki ya kan tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Kaya a bisa kuma su kan rinjayi mota a kwana. Da giyar da ka hau dutse da ita ka ke saukarsa.” Na ce a kawo ruwa a zuba mana. Ya ce a'a, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi lanƙwasa shi ya ke yi, a bar shi ya huce don kansa. Na tsaya ina duban motar, ina duban amarya da ke tsaye can da mayafi a ka tana kallon dutsen da ta baro, yarinyar da ubanta ya danƙa mana ɗazu da safe, na tuna cewa ni ne na so a ɗora gado da buhu uku a kanta don in tsirar da N15,000.

Mun isa Jalingo bayan magariba. Washegari da hantsi motar katako ta iso, na ƙirga kaya ba abin da ya ɓace, na biya mai ita da hannuna. Muka koma ofishin ƙungiya na ba Baba cikon N60,000 a gaban sakatare. Na ciro N5,000 daga aljihuna na ƙara masa. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ya miƙa wa yaronsa ya ce ya yi godiya. Sai na ga kuɗi ba za su yi mini abin da na ke so ba, tilas in buɗe baki. A gaban sakatare da Alhaji da yaron nan da na yi masa tsawa a gabansa na ce, “Baba, na yi maka laifi sau biyu, a Serti da Nguroje, ka gafarce ni.” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, kuɗin mutane ne a hannunka, ni kuma rayukansu. Kowa tsoron amanarsa ya ke ji. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.” Muka yi musayar lambar waya.

A watan Yuni na 2017 muka ji a rediyo rikici ya ɓarke a kan tsaunin tsakanin manoma da makiyaya, an yi asarar rayuka da dukiya. Amaryarmu, wadda a lokacin ta ke da tsohon ciki, ta kwana uku ba ta runtsa ba. Wayar gidansu ba ta shiga. Lambar Baba na yi ta nema har ta shiga a rana ta huɗu, shi ne kuma ya bincika ya gaya mana iyayenta suna da rai, sun fake wajen dangi. Tun daga ranar ba a yin Salla ban kira shi mun gaisa ba. Ya bar tuƙi yanzu, ido ya yi rauni, yaron nan mai riƙe waigi shi ke jan mota.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan labari shi ne, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin shata ya ninka ya sake ninkawa, kuma duk wanda aka ba jakar tafiyar biki ko ta'aziyya ko ziyara zai ji irin matsin da na ji, har fiye. Zai so mota mai araha, zai so a cusa mutum goma sha takwas a kujerar goma sha huɗu, zai so a yi tafiyar dare don a rage kuɗin kwana. Shawarata gare shi ita ce ya shiga tasha ya yi ciniki a ofis a gaban shaida, a rubuta kuɗi da kwanaki da wanda zai sayi mai da wanda zai ciyar da direba, ya ba da rabi ya riƙe rabi. Ya dubi taya kafin ya dubi fenti. Ya yi wa direba tambayar Gwaggo, watau sau nawa ya bi hanyar da kansa, kuma ina iyalinsa su ke. Idan direba ya kawo sharaɗi tun a tasha, kada ya ɗauka taurin kai ne, ya tambayi dalili. In an zauna cin abinci kuma a kira shi, gama shi ma ɗan tafiyar ne.

Ɗan littafin lissafin nan yana nan a akwatina. Da muka komo Agege na karanta wa jama'a abin da aka kashe, ba ragowar ko kwabo, har ma sai da Alhaji ya cika N8,000 daga aljihunsa. Ba wanda ya yi gunaguni. Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, ita ce ta ce a rubuta a ƙasan shafin cewa mun tafi mu goma, mun komo mu goma sha uku, na kuwa rubuta. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya saka wa direbobin kirki da alheri, amin.